YARO YA ƘI ABINCI: WA YA CINYE RABONSA?

Jama'ar Dogon Dawa, da na Kuyello, da Tabanni, da Kutemeshi, da Kazage, da duk inda wannan takarda ta isa a ƙasar Birnin Gwari. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. In kuwa a dakalin ƙofar gida ake karantawa, don Allah mai karatu ya ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji, domin maganar ta iyayenmu mata ce kafin ta zama ta kowa.

To jama'a, ga shi kakar zaɓe ta sake zagayowa. Kwanan nan za ku fara ganin motoci da lasifika, da manyan riguna, da ledojin taliya da sabulu da ɗan turmin atamfa. Za a yi muku maganar titi, a yi ta gada, a yi ta wutar lantarki. Mu yau ba wannan ce ta kawo mu ba. Maganar yaro ɗaya muka zo da ita, kuma kowa a cikinku ya san shi. In babu shi a ɗakinka, akwai shi a ɗakin ƙanenka ko na maƙwabcinka.

Shekararsa ɗaya da rabi, amma in ka ɗauke shi sai ka ce ɗan wata bakwai ne. Damtsensa kamar sillen kara. Gashin kansa ya yi ja, ya yi laushi, yana zuba. Ba ya wasa, ba ya dariya, kukan ma ba shi da ƙarfin yi, sai ƙananan mita. A miƙa masa koko ya kau da kai. A ba shi tuwo ya riƙe loma a baki har ta narke. Uwar ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi ɗura, duk a banza. Kaka ta ce haƙori ne. Maƙwabciya ta ce ɗankanoma ne. Wata ta ce ai shan ciki ya yi. Wani can ya rage murya ya ce a dai bincika, akwai mayya a unguwar. Aka kai shi wurin wanzami, aka jiƙa saiwa, aka yi turare. Ranar kasuwa maigida ya biya kemis ya sayo kwalbar maganin cin abinci. Bayan kwana arba'in aka ɗauki yaro a ɗan ƙyalle, mutum biyar suka raka shi, aka dawo aka ce kwana ne ya ƙare.

Kwana kam na Allah ne, babu mai musu. Amma ciwon nan yana da suna, yana da dalili, yana kuma da magani. Sunansa tamowa. Kuma a ƙasar da take fitar da masara tirela-tirela zuwa Funtua da Kaduna da Legas, tamowa ba daga sama take faɗowa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Kada wani ya ce muku abin na gidanku ne kaɗai, ko sakacin matarka ne. Gwamnatin Tarayya da kanta ta aika ma'aikata gida-gida suka auna yara a 2018, aka samu cikin kowane yaro 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya, 37 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A nan Arewa maso Yamma kuwa 57 ne cikin 100, wato fiye da rabi. Da aka sake awon a 2023 zuwa 2024, maimakon abin ya ragu sai na ƙasa baki ɗaya ya hau zuwa 40. A Jihar Katsina, nan kusa da mu, ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da sanarwa cewa a wata 6 na farkon 2025 kaɗai yara 652 suka mutu da tamowa a wuraren da take jinya. Waɗanda suka iya isa asibiti ke nan. Na ƙauye da aka binne a bayan gari, wa ya ƙidaya su? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ake yi.

ME YA SA BA YA CI?

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Suna cewa, in yunwa ce ai da ya ci. Ashe ba haka abin yake ba. Yunwar da ta daɗe a jikin yaro ita ce take kashe masa sha'awar abinci. Jikin da ya rasa abin gina shi yakan rage aikin komai don ya tsira da rai: hanji ya yi rauni, ƙarfin yaƙi da cuta ya faɗi. Sai zawo ya shigo. Zawo ya wanke ɗan abin da ya ci, ya ƙara rama. Ramar ta buɗe ƙofa ga zazzaɓin cizon sauro, ko ƙyanda, ko ciwon haƙarƙari. Kowane ciwo kuma ya ƙara toshe masa baki. Haka ake ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, kowane zagaye igiya tana ƙara gajarta. Ga tsutsar ciki tana cin nata rabon, ga ƙarancin jini, wani lokacin ma farin ƙuraje ne a baki suke hana shi haɗiya, ba wanda ya buɗe bakin ya duba.

Maganar shan ciki kuwa, bari mu tsaya a kanta. Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da yake faruwa shi ne, ranar da aka gane uwa ta samu ciki, ran nan ake cire yaro daga nono, a kai shi gidan kaka, a haɗa shi da koko tsararo. Jiya yana da nono da ɗumin uwarsa, yau babu ko ɗaya. Yaya ba zai rame ba? Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. Sunan da likitocin duniya suke kiran tamowa mai kumburi, kwashoko, daga yaren mutanen Ga na ƙasar Gana aka ɗauko shi. Wata likita mai suna Cicely Williams ce ta rubuta shi a shekarun 1930, ma'anarsa kuwa ciwon da yake kama yaron da aka ture saboda ƙani ya zo. Kun ji ai kwanika ce, da wani harshe. In ciki ya zo, a ci gaba da shayarwa, a ƙara wa uwa abinci, a yaye a hankali.

Sai maganar kemis. Wallahi jama'a a yi hattara. Wanda ake kira sha-ka-fashe da danginsa ba abinci ba ne. Wani barci yake sa yaro, wani kuma ruwa yake tara masa a jiki, kumatu su cika, a ce ma sha Allah ya yi ƙiba, alhali a ciki ƙarfin yaƙi da cuta yake karyawa, yana kuma hana tsawo. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi ƙwai da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na kwanaki. Ba a taɓa gina ɗaki da fenti ba.

Ɗura ma a bar ta. A danne yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tuttula masa kunu yana shure-shure, kunun nan yana iya bin hanyar numfashi ya sauka a huhu. Wanda ya tsira kuma, da ya hango ludayi sai ya fara kuka, don ya koyi cewa abinci azaba ne.

ABIN DA KE HANNUNKU

Ba za mu ce ku zauna jiran gwamnati yaro yana narkewa ba. Akwai abin da ke hannunku yau ɗin nan, kuma yawancinsa yana cikin rumbu ko a bayan ɗaki.

A fara daga ranar haihuwa. Dakashi, ruwan nonon farko mai kauri da ake matsewa a zubar a ce ƙazanta ne, shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jariri. A sa shi a nono cikin sa'ar farko. Daga nan har wata 6 nono zalla, ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma. E, ko a zafin Afrilu, domin mafi yawan nono ruwa ne, kuma ruwa ne mai tsabta, ba irin na rijiyar da awaki suke kewayawa ba. Uwar ce za ta sha ruwan da yawa. Zuma kuwa sai ya cika shekara. Bayan wata 6 a fara abinci, nono kuma ya ci gaba har shekara 2, kamar yadda malamai suka karantar da mu a Suratul Baƙara tun kafin likita ya faɗa.

To wane abinci? A nan ne gizo yake saƙar. Ki dubi kokon da ake ba yara. An jiƙa gero, an niƙa, an tace, an zubar da dusa, an ɗebi ɗan gasara an dama da ruwa tukunya guda. In kin ɗaga ludayi sai ya zuba kamar ruwan sama. Cikin ɗan shekara ɗaya bai fi kofin shayi ba. Kin cika shi da ruwa, ina abinci zai zauna? Ya ƙoshi a ido, jikinsa kuwa bai samu komai ba. Kunun yaro ya zama mai kauri, wanda in an karkata cokali ba ya saurin zuba. A kowane kwano a sa ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja, domin mai shi ne ƙarfi mai yawa a ɗan wuri. A barbaɗa garin ƙuli-ƙuli, ko a dama da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Gyaɗa guda-guda kam ba a ba ƙaramin yaro, tana shaƙewa. Kuma a tsince wadda ta yi funfuna ko ta yi ɗaci a zubar, haka ma masarar da ta ruɓe a buhu, don akwai dafi a cikinsu mai cutar da hanta.

Ga haɗin da malaman asibiti suke koyarwa, wanda ake kira Tom Brown, kuma ba wani abin Turai ba ne, duk daga gonarku yake. Gwangwani 6 na hatsi, gero ko dawa ko masara ko a gauraya. Gwangwani 3 na waken soya. Gwangwani 1 na gyaɗa. A wanke, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama har ya yi ƙamshi, waken soya a tabbata ya soyu a kuma cire masa ɓawo, sannan a haɗa a kai inji. In da hali a jefa busasshen kifi a niƙa tare. A ajiye a mazubi mai murfi. Kullum a ɗebi kaɗan a dafa shi sosai a kan wuta, ba damun ruwan zafi kawai ba. Waken soyan nan da muke nomawa muna aunar wa 'yan kasuwa su kai kamfani a yi abincin kaji, shi ne naman talaka. Kajin birni suna ƙiba da shi, 'ya'yan wanda ya noma suna ramewa. Haba jama'a!

Sai ƙwai. An ce wai yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata. To mu dai manyan ɓarayin ƙasar nan da muka sani, ba a kan ƙwai aka kama su ba. Ƙwai ɗaya a rana, dafaffe, a murmushe a kunu ko a fate, yana yin aikin da kwalbar kemis goma ba za ta yi ba. Haka ɗan hanta in an yi yanka, da wake dafaffe lugub, da alale, da awara, da kabewa, da dankalin Hausa mai jan ciki, da garin zogale, da miyar kuka mai daddawa da kifi, da gwanda da mangwaro a lokacinsu. Nonon shanu in an samu a tafasa shi tukuna.

Yawan ci kuma ya fi girman kwano muhimmanci. Ɗan wata 6 zuwa 8, sau 2 ko 3 a rana ban da nono. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani. Wanda ya riga ya rame ko yake tashi daga ciwo, a ƙara masa, kaɗan-kaɗan sau 5 ko 6. A ba shi kwanonsa shi kaɗai. In aka haɗa shi akushi ɗaya da yayyensa, kafin ya kai loma ɗaya baki sun side kwano, kuma ba wanda zai san bai ci ba. Uwa ko kaka ta zauna gabansa, tana kallonsa, tana masa wasa, ba gaggawa. Ya ƙi, a ɗan jira a sake. Kada a cika masa ciki da ruwa ko lemon kwalba ko alewa kafin abinci. A wanke hannu da sabulu, nata da nasa. In zawo ya zo ba a tsayar da nono ko abinci, sai a ƙara da ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinki kwana 10 ko fiye. Maɗigar da ta faɗa ba aljani ba ne, ruwan jiki ne ya ƙare.

Malam maigida, kai ma ga naka. Kai ne kake tsayawa wurin mai shayi da safe a fasa maka ƙwai biyu, da yamma ka biya wurin mai tsire, ka goge baki ka shigo gida da ledar magi. In an yi miya, tsoka taka ce, yaro romo. Ba zagi ba ne, gyara kayanka ne. Kai ka gama girma, shi yanzu ake gina shi. Daga ɗaukar ciki zuwa cikar shekara 2, kwana 1,000 ke nan, a cikinsu ake gina ƙashi da ƙwaƙwalwa, abin da aka rasa a nan da wuya a mayar da shi duka. Kuma matar da take shayarwa tana surfe tana daka tana ɗebo ruwa, ba za ta ƙoshi da ragowar tukunya ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. In ta ce za ta kai yaro awo, kada ka ce sai ka dawo daga kasuwa.

Amma a ji wannan da kyau, don a nan rai yake. Akwai matakin da abincin gida ba ya isa. Malaman asibiti suna da wata 'yar igiyar awo mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5. Kore, lafiya. Rawaya, a tashi tsaye. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Ko babu igiya, ki danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ki ƙirga uku. In kin ɗaga wurin ya lotsa bai taso ba, wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Irin wannan yaro, da wanda ya ƙi nono ɗungum, ko yake amayar da komai, ko yake suma, ko numfashinsa yake sama-sama, asibiti za a nufa a ranar, ba gobe ba. Kada a ce za a cika shi da abinci mai nauyi a gida, jikinsa ba zai ɗauka ba. Akwai madara ta musamman da ake fara ba shi kaɗan-kaɗan a gadon asibiti.

Wanda yake iya ci kuwa, maganinsa wani ɗan ƙunshi ne, Plumpy'Nut ko irinsa, mai nauyin giram 92. Me ke ciki? Gyaɗa ce, da garin madara, da sukari, da mai, da sinadaran gina jiki. Wasu Faransawa ne suka haɗa shi a 1996, kuma a Maraɗi, lokacin yunwar Nijar ta 2005, duniya ta ga aikinsa, inda aka yi jinyar dubban yara iyayensu mata suna ba su a gida. Cikin mako 6 zuwa 8 yaron da aka fid da rai sai ka gan shi yana rarrafe. Gyaɗa fa, jama'a! Mu da kakanninmu suka tara dalar gyaɗa a Kano. Kyauta ake ba da shi, magani ne na yaro ɗaya, ba a raba shi da yayye, ba a kuma sayarwa. Duk wanda ya ga ana sayar da shi a tire a kasuwa, ya sani daga bakin wani yaro aka fizge shi.

ABIN DA BA YA HANNUNKU

Yanzu mai sauraro zai ce, Malam, ka yi ta lissafin ƙwai da kifi da nono, a ina za mu samo? Madalla da wannan tambaya. Ita ce ta kawo mu maganar ƙuri'a.

Dogon Dawa ba ta manta Oktoban 2012 ba, ranar da 'yan bindiga suka shigo da asuba suka kashe sama da mutum 20, wasu suna fitowa daga masallaci. A lokacin yawancin Nijeriya ba su ma san abin da ke cikin dajin nan ba. Aka zo Mayun 2018 aka yi na Gwaska, sama da mutum 40. Shekara da shekaru manomi bai isa ya taka gonarsa ta nesa ba sai ya biya, ya biya kafin shuka, ya biya kafin girbi. An kore shanun noma. An sayar da awaki da rumbu an biya kuɗin fansa. Akuyar nan da aka sayar, ita ce nonon yaro. Kazar da aka bari a ƙauye aka gudu, ita ce ƙwansa. Ƙwaryar nonon da take fitowa daga ruga kowace safiya ta daina zuwa, kuma kada ku ɗauka 'ya'yan ruga sun tsira, su ma tamowar ba ta bar su ba. A 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, aka katse layin waya na wajen wata 2. An ce don a matse ɓarayi ne. Wa ya zo ya auna damtsen yara a watannin nan, ya ga su wa aka matse?

Ba a farfaɗo ba sai ga 29 ga Mayun 2023, aka cire tallafin mai. A tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a shekara guda. Da hatsi ya zo ya faɗi a 2025, taki bai faɗi tare da shi ba, manomi ya sayar da buhuna bai mayar da kuɗin noma ba. Ta ko'ina dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gaskiya ɗaya ce, ba za mu ɓoye ta ba: a Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu, aka buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe, mutane da dama suka koma gonakin da suka bari. Duk wanda ya kwana a daji da goyo ya san darajar barci a ɗaki. Allah ya ɗorar. Amma yaron da aka haifa a shekarun gudu yana nan tare da mu, da ɗan guntun jikinsa. Sulhu bai mayar masa da tsawonsa ba, bai kuma mayar wa uwarsa akuyarta ba. Wa ya yi lissafin wannan bashi?

Kuma kada a ce muku babu kuɗi. Tun 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a gidanmu, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafi don lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. A 2014 aka yi dokar lafiya ta ƙasa, wadda ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don ƙananan asibitoci irin namu. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 232 don yaƙi da tamowa a jihohi 12, har da Kaduna, kuma mafi yawansu bashi ne, wanda yaran nan ne za su biya in sun rayu. A 2016 aka fara ciyar da 'yan firamare a jihar nan da kaɗe-kaɗe, ba a daɗe ba tukunya ta huce. Dattawa kuma za su tuna shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976, da juyin noma na Shagari a 1980. Suna dai ba mu taɓa rasawa ba. A 2019 an ba ma'aikatan gwamnatin Kaduna mata hutun haihuwa na wata 6 don su shayar, abu ne mai kyau, mun yaba. To matar manomi fa, wadda hutunta kwana arba'in ne, shi ma in tana da mai taya ta?

Abin kunyar ma shi ne, shekara da shekaru ɗan ƙunshin gyaɗar nan yawancinsa baƙi ne suke saya mana. Da Amurka ta yanke tallafinta a 2025, sai ihu ya tashi ko'ina a Arewa. Ƙasa mai man fetur, a ce ran ɗanka yana rataye da abin da wani shugaba a wata nahiya ya ga dama? Allah wadaran naka ya lalace.

Ku ji abin da aka yi a wata ƙasa mai suna Peru, can Kudancin Amurka, ƙasar manoman kan duwatsu. Gab da zaɓen 2006 ƙungiyoyin jama'a suka tare masu neman shugabancin ƙasa, suka ce kowa ya sa hannu a takarda cewa in ya ci zai rage tsumburewar yara 'yan ƙasa da shekara 5 da maki 5 cikin shekara 5. Suka sa hannu. Wanda ya ci aka riƙe shi da takardarsa, kowace shekara ana fito da awo a fili. Daga kashi 28 cikin 100 a 2008 abin ya sauko zuwa 13 a 2016. Ba tsafi suka yi ba. Awo ne, da kuɗi a kasafi, da jama'ar da ba ta mantuwa.

Saboda haka in mai neman kansila ya zo, ko ciyaman, ko ɗan majalisar jiha, ko mai neman kujerar Birnin Gwari da Giwa a Abuja, ko sanatan Kaduna ta Tsakiya, ku bar shi ya gama jawabinsa. Sannan dattijo ɗaya ya miƙe, ko ma dattijuwa, ta tambaye shi. Mazaɓu 11 ne a Birnin Gwari: a nawa ne uwa za ta kai yaro yau a auna shi, a ba ta ƙunshin tamowa ba tare da an ce ya ƙare ba? Naira nawa za ka nemi a sa a kasafi don sayensa da kuɗinmu, kuma wa zai nuna mana an saki kuɗin? Malamin asibiti nawa ne za su riƙa kwana a garin nan, ba masu zuwa ranar kasuwa su koma ba? Ɗigon bitamin A da maganin tsutsa da ake rabawa sau 2 a shekara, da maganin rigakafin zazzaɓi na damina, da allurar ƙyanda ta wata 9, wa zai kai su ƙauyukan bakin daji da rugage? Yaron da ya kumbura da tsakar dare, da wace mota za a fita da shi? Matan da aka kashe wa maza, wa zai mayar musu da akuya da kaji? Rijiyar burtsatse nawa?

In ya ce in sha Allahu za a duba, ku ce masa mun gode, amma a rubuta. A kawo takarda, a sa lamba da wata da shekara, ya sa hannu a gaban mai gari da liman da shugabar mata, a ajiye kwafi a wurin mutum uku. Wanda ya ƙi sa hannu ya riga ya ba ku amsa. Kuma ba mu cire kowa ba: ɗan takarar da hotonsa yake bayan wannan takarda ma, in ya zo, shi za ku fara tarewa.

Taliyar kuwa, in sun miƙo, ba mu ce ku zubar ba, da ma da kuɗinku aka saya. A dafa wa yara, a sa mata manja da garin ƙuli-ƙuli da ɗan zogale, don ita kaɗai ba ta gina jiki. Leda ɗaya dare ɗaya za ta yi a gida mai mutum takwas, kujerar da ake nema da ita kuwa shekara 4 ce. Jaririn da aka raɗa wa suna a makon zaɓe, kafin mai kujerar ya dawo neman wata ƙuri'ar kwanakinsa 1,000 sun wuce tuni.

Kafin nan dai, ranar awo ta wannan mako, duk mai yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ta ɗauke shi da katinsa ta kai a naɗa masa igiyar nan a damtse. Ta tambayi malamin launin da ya nuna, ta sa a rubuta mata a kati. Ku adana katunan. Ranar da motocin lasifika suka tsaya a bakin kasuwa, da su za ku fito.